Zare Uku a Jujin Hansai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

To madalla. Wannan dai babu kura a cikinta, babu aljani. Labarin wani sa ne, da leda, da wani juji.

In mutum ya bar Bakori ya miƙi hanyar Malumfashi, akwai wata 'yar hanya da ke ratsewa hannun hagu, ita ke kai mutum Unguwar Kanya. A nan aka yi wani manomi mai suna Bitrus, dattijon coci, mai shanun huɗa biyu. Matarsa Liatu ta rasu ta bar masa ɗiya guda tana rarrafe, sunanta Salome. Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Maitama, a gona ma iyakarsu ɗaya. Shi Maitama musulmi ne, kuma matarsa Hansai ita ta ɗauki Salome ta goya tun ranar da aka dawo daga makabarta. Ita ke mata kitso, ita ke cire mata ƙaya. Ran Lahadi ta yi mata wanka, ta shafe ta da man gyaɗa, ta tura ta coci tana cewa, "Yi maza kar ki makara, ki sa mu a addu'a." Salome ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Inna.

Yarinya ce mai tambaya. Me ya sa gasara ke tsami in ta kwana? Me ya sa ruwan toka ke cin hannu? Hansai takan ce, "Ke dai da an ba ki aikin alƙali, da ba a gama shari'a ko ɗaya ba." Tambayar nan ita ta kai ta makarantar mishan, ta kai ta sakandare, har ta kai ta jami'a a Zariya, inda ta karanci ilimin haɗa sinadarai.

A waɗannan shekarun ne takin zamani ya cika ƙasarmu. Auduga na tashe, manyan motoci na ta jigila zuwa injin gurza a Funtua. Tare da takin leda ta shigo, don kowane buhu da tasa a ciki, daga baya kuma 'yan kasuwa suka kama ƙulla gishiri da manja a cikinta. Da farko marmarinta ake yi, mace ta wanke ta shanya a danga kamar zanen fita. Da ta yi yawa aka fara yar da ita, iska ta kwasa ta watsa a gonaki.

Wani rani babban san Bitrus, wanda yake kira Dogo, ya fara ramewa. Ana ba shi harawa yana taɓawa ya bari, ciki kuwa ya kumbura. An ba shi kanwa, an ba shi jiƙo, shiru. Da aka ga zai tafi, Bitrus ya kira Maitama ya yanka don kowa a unguwa ya iya ci. Da aka farke tumbi sai ga leda ta cure wuri guda, dunƙule kamar tulun ruwa.

Salome na gida hutu a lokacin. Mutane na ta salati da jajantawa, ita kuwa ta ciro guda ta kai bakin rijiya ta wanke. Leda ta fito fes, har shuɗin zanen da ke jikinta bai dushe ba.

Ta ce, "Baba, cikin da ke narkar da karan dawa, ya aka yi wannan ta gagare shi?"

Bitrus ya kau da kai. Yana can yana kallon karkiya, wadda yanzu gefe ɗaya ba mai shiga.

Shekaru suka ɗan ja. Bitrus ya sami wani maraƙi ya hore shi, Salome ta gama digirin farko ta kama na biyu. A farkon daminar shekarar da aka ba Katsina jiha, sai ga ta ta sauka daga mota da 'yar jakarta da gwangwanin madara a hannu. Ta tarar Hansai ta tafi Musawa suna, mahaifinta kuwa na zaune gindin darbejiya yana saƙa takunkumin sa da igiyar rama.

Bayan ta sha ruwa an gaisa, ta buɗe gwangwanin ta zazzage a kan tabarma. Wasu 'yan falle-falle ne guda shida, kowanne bai fi tafin hannu ba, fari-fari kamar tantani.

"Leda ce kika ɗauko mana tun daga Zariya? Ai muna da ita har ta kashe mana sa."

"Wannan ta masara ce, Baba."

Ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya ɗan lasa. "Ban ji masara ba."

"Ka san tsamin da ke cikin ruwan gasara? Shi muke tacewa. 'Yan ƙananan abubuwa ne a cikinsa, ido ba ya ganinsu. In suka kama hannun juna suka yi doguwar sarƙa, sai su zama wannan. Ledar kasuwa daga man fetur ake yin ta, ƙasa ba ta san ta ba. Wannan kuwa daga abinci ta fito, muna sa ran ƙasa za ta gane ta ta ci."

"Wa ke haɗa su su kama hannun juna?"

"Ƙarfe. Tutiya, irin wadda ake shafa wa kwanon rufi. Ɗan mitsitsi ake sawa. Ba shi ne ledar ba, aiki kawai yake yi, kamar yadda sa ke huɗa amma ba ya zama dawa."

Bitrus ya ajiye igiya. Zance ya zo wurin da ya sani.

Ta nuna abin da ke cinyarsa ta ce, "In ka shiga huɗar dawa da ta kai gwiwa, ba ka sa wa sa wannan ba, me zai faru?"

"Yana huɗa yana waiwaye yana cin abin da ya huɗe. A yi aiki a ɓata aiki."

"To haka tutiya take. In an bar ta tsirara tana ƙulla sarƙa da sauri, amma sai ta juyo ta datse wadda ta ƙulla. Dole a yi mata takunkumi. Wani sinadari ne muke ginawa ya rungume ta, ya rufe ko'ina ya bar mata ƙofa ɗaya. A wurin aiki ligan muke ce masa. Ƙarfen ɗaya ne, tsamin ɗaya ne, amma kowane irin takunkumi da irin ledar da yake bayarwa. Aikina ke nan, Baba, saƙar takunkumi."

"Ashe sana'ar gidanku kika je Zariya kika koyo."

Ta yi dariya ta ware su biyu-biyu. Na farko, ta ce, takunkuminsu sakwa-sakwa ne, sarƙarsu gajera. Ta ɗan lanƙwasa gefen ɗaya, ya tsage kamar busasshen ganye. Na biyu takunkuminsu babba ne mai matsewa, ƙarfen ya yi aiki a hankali har ta gaji da jira, amma sarƙar ta yi tsawo. Bitrus ya ja da hannu biyu, ko gezau. Na uku tsaka-tsaki ne, sun yi ƙarfin da za a iya ƙulla mudun gero a cikin irinsu, ba su kai na biyu tauri ba.

"Wanne ne mai kyau?"

"Ban sani ba. Abin da ya kawo ni ke nan."

Sannan ta gaya masa abin da ke damunta. Malaminta, Dokta Shitu, mutumin kirki ne, amma kayan aiki sun yi wuya a ƙasa, abin da ya rage a kabad ɗan kaɗan ne, ga ɗalibai da yawa na jira. Ya ce mata ta kai waɗannan ƙasar gona ta gaske ta binne su damina guda. In ta dawo da shaidar ƙasa na cin ko da ɗaya, a ci gaba. In babu, a rufe wannan aiki ta koma awon ruwan rijiyoyi kamar sauran. Kuma waɗannan shidan su ke nan gare ta, ba ta da abin yin wasu.

"Shekara biyu nake kansu, Baba."

Ya ce, "To a kan iyaka za ki sa su, gindin gamba. Nan ne kaɗai garma ba ta taɓawa."

Da yamma ta yanka tsohuwar ragar taga ta roba, ta ɗinka 'yan jakunkuna shida, ta sa kowane falle a tasa. Don kar ta rikice, ta ɗaure bakinsu da zaren roba wanda ba ya ruɓewa. Ja na mai gautsi, baƙi na mai tauri, fari na tsaka-tsaki.

Hansai ta dawo daga Musawa bayan magariba a gajiye, gaisuwa kawai suka yi ta kan danga. Gari na wayewa Salome ta ɗauki fartanya ta tafi gona, don tana son ta kama motar safe. Ta haƙa rami can ƙasa wajen kwari ta sa uku, ja da baƙi da fari, ta rufe. Ta hauro tudu ta haƙa na biyu.

Tana kan na biyun ne Hansai ta ɓullo ta bayan wata ɗorawa, ta fito duba irin da Maitama ya shuka. Ta hango ɗiyarta a tsugune kan iyaka. Ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta ga abin da ke hannunta. Ƙulli uku, ja da baƙi da fari. Ta ga ta jera su a rami, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu. Sannan ta sunkuyar da kai, bakinta na motsi.

Addu'a ce Salome ke yi, irin ta wanda ya shuka irinsa na ƙarshe. Amma ku gaya mini, wace mace ce a ƙasar nan za ta ga ƙulli uku da zare kala uku, a kan iyaka, da sassafe, ana magana a kansu, ta ce karatun boko ne?

Hansai ta lallaɓa ta koma gida. Ko kaɗan ba ta kawo a ranta cewa Salome na nufin su da sharri ba. Abin da ta ce shi ne, wani bokan birni ya yaudari yarinyar nan. Ko don jarrabawa ne, ko don miji, tunda sa'o'inta duk suna da 'ya'ya uku-uku. Sai ta tuna wata mata 'yar cocin su Bitrus da aka taɓa samu da laya a ƙugu. Horo aka yi mata, ta shekara tana zama a bencin baya, mata na nuna ta da baki a rijiya. Ɗiyar dattijon coci kuma? Wadda ta goya da bayanta?

Da Salome ta shigo sallama, Hansai ta cika mata jaka da daddawa da kuka, ta riƙe hannunta ta daɗe tana kallonta.

"Lafiya, Inna?"

"Lafiya lau. Ke dai ki riƙe Allah, kin ji? Komai na da lokacinsa."

"To, Inna."

Motar ba ta kai Bakori ba Hansai ta isa gona da fartanya da sakaina. Ta tone ramin tudu, wanda shi kaɗai ta gani. Ba ta taɓa ƙullin da hannu ba, da tsinke biyu ta ɗauke su ta sa a sakaina, ta mayar da ƙasa ta gyara wurin kamar ba a taɓa ba. Mahaifiyarta, Tsohuwa, ta koya mata tun tana budurwa cewa irin wannan abu ba a ƙona shi, hayaƙinsa na bin mutum, ba a jefa shi rafi, yana zuwa gidan wani. Ƙazanta ce ke kashe shi. A tura shi can cikin juji inda fitsarin awaki ke sauka, a bar shi har ruwa ya ɗauke, kuma kar a faɗa wa kowa, don baki na tayar da shi.

Jujin Hansai kuwa sananne ne. Bayan garken awakinta yake, can take zuba kashinsu da shimfiɗarsu, da toka, da ƙaiƙayi, da ruwan wanke-wanke. Ta sa tabarya ta huda shi har tsakiya, ta tura ƙullin uku, ta toshe.

Damina ta kankama. Hansai ta mayar da jujin nan kamar jinjiri. Kullum sai ta share garke ta ƙara masa, in an kwana biyu ba ruwa ta ɗebo ta yayyafa. Kaza ta zo tono ta bi ta da muciya. Maitama ya zo da mangala zai kwashi taki ya kai wa tumatirinsa, ta tare hanya.

"Bai nuna ba."

"Taki ne ko gwanda?"

"Na ce bai nuna ba, Malam."

"Shekara talatin ina gidan nan ba a taɓa yayyafa mini ruwa don na ji zafi ba. Ashe da juji aka haife ni da na more."

"Ai ba ka makara ba. Zauna nan in kawo tokar."

Shi kuwa Bitrus, kullum ya je gona sai ya zagaya ta kan iyaka. Ya kafa ƙaya a ramin kwari, ya kafa a na tudu, in shanu sun matso ya daka musu tsawa. Yana ta gadin ramin da babu komai a ciki. Hansai in ta hango shi tsaye a wurin sai ta ce shi ke nan ya fara zargi. Sai ta kama yi masa zancen aure ta kan danga.

"Baban Salome, wannan malamin asibiti na Malumfashi, ɗan gidan Habila, an ce har yanzu bai yi mata ba."

"Allah ya ba shi."

"Yaro ne mai hankali. Ga babur."

"Hansai, in ke ke son babur ɗin ki gaya wa Maitama."

Haka aka yi ta yi har aka karya masara, dawa ta fitar da kai, rediyo ya cika da zancen sabuwar jiha. Ruwa na ɗaukewa sai ga Salome. Ta rame, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗaurawa ba, ta ce a tafi gona. Bitrus ya ɗauki fartanya. Maitama ya gan su ya bi don ganin ƙwaƙwaf. Hansai ta biyo baya nesa-nesa, tana tafe tana jan ƙafa.

Ga mamakinta sai ta ga sun wuce tudu sun gangara kwari. Bitrus ya ɗage ƙaya ya tona, sai ga wasu ƙulli uku. Hansai ta dafa ƙirji. Ashe akwai wasu, kuma ga uban da kansa yake tonowa.

Salome ta kwance jan zare, ta zaro fallen ta goge da bakin zanenta. Yana nan yadda yake. Ta kwance baƙi, ta kwance fari. Ta ɗaga su ga rana, ta karce da farce, ta juya gaba da baya. Ƙasa ta ɗan ɓata musu launi, iyakarta ke nan. Damina guda cur, ko gara ba ta yi musu kallon abinci ba.

Can Bitrus ya ce, "Akwai na tudu."

Suka hau tudu. Ya tona, ya ƙara tonawa, ya faɗaɗa ramin har ya kai gindin gamba. Babu komai.

Maitama ya ce, "To ga shi, ƙasar tudu ta cinye. Ba abin da ake nema ke nan ba?"

Fuskar Salome ta ɗan yi haske, sannan ta girgiza kai. "Da ta ci, da ta bar raga da zare, Baba Maitama. Su ba sa ruɓewa. Ɗauke su aka yi."

"Gafiya ce," in ji Bitrus. "Ko wani ɗan banza."

Salome ta zauna a kan kunyar dawa, fallayen uku a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, tana dai kallon su. Ta ce, "Ko suna nan ma, abin da waɗannan suka faɗa za su faɗa. Na yi wata ledar ce kawai, Baba, irin wadda ta kashe Dogo. Gobe in koma in gaya wa Dokta."

Hansai na tsaye tana juya maganar. Ruwa dai ya ɗauke, sharaɗin Tsohuwa ya cika. Amma buɗe baki na nufin ta faɗa wa yarinyar nan abin da ta zarge ta da shi, a gaban ubanta. Ta dubi yadda kafaɗun Salome suka faɗi, sai ta matso.

"Baban Salome, wai da saninka aka binne abin nan?"

"Ni na nuna mata wurin."

"Kai dattijon coci?"

"Me coci ta yi da leda?"

"Leda," Hansai ta maimaita a hankali. Ta gyara ɗaurin zane. "To ba gafiya ba ce. Ni ce."

Ta faɗa musu duka, tun daga bayan ɗorawa har tsinke biyu da sakaina. Salome ta saki baki tana kallonta.

"Inna, ni? Ni zan je wurin boka?"

"To me zan ce? Ja, baƙi, fari. Kan iyaka. Ko kaji ba su gama fitowa ba. Kina ta motsa baki."

"Addu'a nake yi."

"Daga bayan ɗorawa duk ɗaya suke."

"Ki tambaye ni mana."

"Ana tambayar irin wannan? In kin ce e, in sa kaina ina? Na ce gara in kashe shi shiru, kar a kai mini ke bencin baya."

Maitama ya ce, "Gaskiya ko ni na gani, sai na sake hanya." Bitrus ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, yana ƙoƙarin kar a ga dattijo na dariya.

Salome ta share ido da bayan hannu. Ita kanta ba ta san na dariya ba ne ko na me. Ta ce, "Kin ƙona su?"

"Allah ya kiyaye. Suna juji."

"Juji," in ji Maitama. "Yau na ga abin da ya hana tumatirina taki."

Suka ɗunguma gida. Maitama ya kawo shebur ya fara yaye jujin daga sama, Hansai na nuna masa inda tabarya ta shiga. Da ya kai tsakiya sai tururi ya taso, takin ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙasar sabon ruwa. Salome ta durƙusa ta cusa hannu, ta yi saurin zarewa.

"Da zafi haka?"

"Kullum haka cikinsa yake," in ji Hansai. "Da damina ma ya fi. Ƙwai za ki iya gasawa."

Salome ta mayar da hannun a hankali ta bar shi a ciki, tana kallon sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ta kama lalube. Baƙin zare ta fara cin karo da shi. Ta kwance. Fallen na nan, sai dai ya yi fari fat kamar alli, ya daina sheƙi. Ta ja, ya ɗan yi gardama, sannan ya yage.

"Ya fara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Jan zare ya fito da jakarsa a ɗaure yadda ta ɗaure ta. Ta kwance ta zazzage a tafin hannu. Baƙar ƙasa ce kawai, da wata 'yar tana da ta fusata don an tashe ta.

Hansai ta leƙa. "Wannan kam ya mutu."

Farin ya ba su wuya, sai da aka kusa rushe jujin duka. Da ta buɗe, fallen ya farfashe ya zama 'yan gutsattsari kamar ƙanzo, duk jikinsu huda-huda. Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ya zama gari.

Bitrus ya tsuguna kusa da ita. "Wannan ba shi ne mai ɗaukar mudun gero ba?"

"Shi ne, Baba."

"Ya yi aiki, kuma ya tafi."

"Ya kusa tafiya." Ta jera su a kan faifai, na gona a sama, na juji a ƙasa, kowane zare da ɗan'uwansa. "Dubi. Ƙasar gona sanyi gare ta, sarƙar ba ta saki ba. A nan zafi da laima sun fara tsinka ta, sannan ƙwayoyin da ke cin taki suka samu bakin kamawa. Gajerar sarƙa ta riga tafiya, doguwa tana jan ƙafa. Takunkumin da na saka wa tutiya a Zariya, shi ya yanka wa kowacce kwanakinta a jujin Inna." Sannan ta ce, "Da duka shidan na gona, da gobe na je na ce babu."

"To in sa ya haɗiye fa?" in ji Bitrus. "Cikinsa ma ai da ɗumi."

"Ban sani ba, Baba. Ɗuminsa bai kai wannan ba. Sai an gwada."

"Ba da nawa ba."

Ta juya ga Hansai. Tambayoyi suka ɓarke kamar tana 'yar shekara bakwai. Sau nawa take zuba ruwa? Toka ta fi yawa ko kashin awaki? Yaushe zafin ya fi tashi? Hansai ta ce ita ba ta ƙirga ba, ta dai ba shi abin da ya samu, ta je ta wanke hannu tukuna ga tuwo na hucewa.

"Amma ki faɗa wa malamin naku," ta ƙara, "duk abin da kuka ce sunansa, ni dai na san Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. An sa shi a juji, an yi shiru, ya mutu."

Kashegari Salome ta koma Zariya da gwangwaninta, da wani ƙullin takin jujin a cikin jaka, wanda 'yan mota suka yi ta tsaki a kansa har Funtua.

To, nan ta tsaya, ga yadda kowa ya ƙare. Dokta Shitu ya ga faifan shaida ya buɗe mata kabad, ta ci gaba da saƙa takunkumi kusa da na farin zare har ta gama digirinta. Ledar masara ba ta shigo kasuwar Bakori ba, don yin ta ya fi ƙarfin aljihun mai sayar da gishiri. Salome ta zama malama, kuma duk damina tana zuwa da sababbin ƙulli, ta miƙa wa Hansai hannu da hannu. Ta yi aure daga baya, ba da mai babur ba. Bitrus ya rayu yana tsince leda a gonarsa kafin ya saki shanu, bai sake rasa ko ɗaya ta wannan hanya ba. Maitama ya kwashe takinsa a ranar, tumatirinsa ya yi kyau. Hansai ta tsufa ƙwarai, ta rasu a ɗakinta, Salome na riƙe da hannunta.